George Fox, Mutumin da Ya Ƙi Ɗaukar Takobi

A watan Nuwamba na shekara ta 1960 mutane fiye da 1,000, maza da mata, suka taru a bakin birnin Washinton ta ƙasar Amurka, suka jeru a gefen babban ginin nan da a ke kira Pentagon, inda shugabannin sojan ƙasar su ke da ofisoshinsu. Ba su yi ihu ba, ba su jefi kowa ba, ba su tare wa kowa hanya ba. Tsayawa kawai suka yi shiru, suna addu'a a zuci domin salama, ma'aikata suna shiga suna fita suna kallonsu. Waɗannan mutane su ne a ke kira 'Yan Kweka, su kuwa suna kiran kansu Abokai. A ƙasashenmu ba a san su sosai ba, amma a Kenya suna da yawa, gama masu wa'azinsu sun sauka can tun 1902. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya kuma, daga 1967 zuwa 1970, waɗansu mutum uku daga cikinsu sun yi ta kai da kawowa tsakanin Janar Gowon da Ojukwu suna ɗauke da saƙo, ko Allah ya sa a daidaita.

Mai karatu zai tambaya, ina suka samo wannan al'ada ta tsayawa shiru a bainar jama'a? Amsar tana cikin labarin mutumin da ya fara tara su, wato George Fox.

An haife shi a watan Yuli na 1624 a wani ƙauye mai suna Drayton, a tsakiyar Ingila. Ubansa Christopher masaƙi ne, dattijo a ikilisiyar ƙauyen, har maƙwabta suka yi masa laƙabi da mai adalci. George bai yi karatu mai zurfi ba. Ya iya karatu da rubutu, sa'an nan aka kai shi wurin wani mai ɗinkin takalma wanda ya ke kiwon tumaki kuma yana cinikin ulu. Tun yana yaro an san shi da rashin wasa, da kuma magana ɗaya a ciniki. In ya faɗi abu, to, shi ke nan.

Sa'ad da ya kai shekara 19, wata rana a kasuwa wani ɗan'uwansa da wani abokinsa, dukansu biyu masu cewa su na Almasihu ne, suka ce ya zo su sha giya tare. Da aka ɗan sha, sai suka ƙulla cewa za a yi ta sha, wanda ya fara janyewa shi zai biya kuɗin duka. George ya tashi, ya ajiye kwabo huɗu a kan tebur, ya fita. A daren nan bai iya barci ba. Abin da ya dame shi shi ne yadda masu ɗauke da sunan Ubangiji su ke zama kamar waɗanda ba su taɓa jin sunan ba. A watan Satumba na 1643 ya bar gida.

Ƙasar kuwa a lokacin tana cikin wuta. Tun 1642 yaƙi ya tashi tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisar ƙasa, kowane sashi yana riƙe da Littafi Mai Tsarki, kowane sashi yana roƙon Allah ya ba shi nasara a kan ɗan'uwansa. A cikin wannan hali saurayin ya yi ta yawo daga gari zuwa gari wajen shekara huɗu, da Littafinsa a hannu, yana neman wanda zai nuna masa hanya. Danginsa suka ce ya yi aure, waɗansu suka ce ya shiga soja. Ya je wurin malaman ikilisiya ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya riƙa shan taba yana rera zabura. Wani ya ce a tsaga shi a fitar da jini. Wani kuma suna cikin magana a lambu, sai ƙafar George ta taka gefen furanninsa, malamin ya hau faɗa kamar an sa wa gidansa wuta. Mu da a ke zuwa wurinmu da damuwar zuciya, ya kamata kunya ta kama mu a madadin malaman nan.

A 1647, bayan ya fid da zuciya ga taimakon mutane, sai ya ji a cikin ransa cewa akwai guda ɗaya wanda ya san halin da ya ke ciki, mai iya warkar da shi, wato Yesu Almasihu kansa. Ya ce zuciyarsa ta yi tsalle don murna. Dukan abin da ya koyar daga baya daga nan ya tsiro: Almasihu yana da rai, yana nan kusa, shi da kansa ya ke koya wa jama'arsa, haskensa kuma yana haskaka zuciyar kowane mutum, yana nuna masa zunubinsa, yana nuna masa mafita.

Sujada ta shiru

To, in Almasihu ne Malami, sai almajirai su yi shiru su saurara. Haka taron Abokai ya zama. Su kan taru a ɗaki, ko a rumbu, ko a fili, su zauna ba mai shugabantar sujada, ba waƙa, ba addu'ar da aka rubuta. Wanda Ruhu ya ba shi magana, namiji ko mace, babba ko yaro, ya tashi ya faɗi, ya koma ya zauna. Wani lokaci a kan tashi ba wanda ya ce uffan. An ba da labari cewa wata rana a ƙasar Yorkshire jama'a suka taru don su ji wa'azinsa, shi kuwa ya hau tarin ciyawa ya zauna sa'o'i bai ce kome ba, mutane suna ta tambayar juna yaushe zai fara. Nufinsa shi ne ya yaye su daga kwaɗayin jin kalmomi, su koyi jiran Allah. Da ya buɗe baki kuwa, maganar ta kama su.

Dole mu faɗi a fili cewa akwai inda hanyarsa ta rabu da ta yawancin ikilisiyoyi. Bai riƙe baftisma ta ruwa ba, bai riƙe Jibin Ubangiji na gurasa da ƙoƙo ba, yana cewa ainihinsu a ruhu ya ke. A nan masu bi da yawa, a zamaninsa da namu, ba su yarda da shi ba. Bakinsa kuma yana da kaifi. Ya kan shiga ɗakin sujada ya yi gardama da mai wa'azi a gaban jama'a, ya ce ikilisiya mutane ce, ginin kuwa duwatsu ne kawai. Saboda irin wannan aka fara kulle shi a Nottingham a 1649, shekarar da aka fille kan Sarki Charles.

Akwai waɗansu abubuwa uku da suka yi ta jawo masa wahala. Na farko, ba ya cire hula don girmama kowa sai Allah. A Ingila ta lokacin nan, tsayawa gaban alƙali da hula a kai daidai ya ke da a shiga fada a nan da takalmi a ƙafa. Na biyu, a Turancin zamanin akwai kalmar da a ke kiran talaka da ita, akwai wadda a ke kiran babba, kamar yadda mu kan ce wa dattijo ku maimakon kai, shi kuwa da kalma ɗaya ya ke kiran kowa. Na uku, ba ya rantsuwa, ko a gaban shari'a, bisa ga umarnin Ubangiji a Matiyu sura 5. Wannan na uku shi ne ya zama tarko mai sauƙi: duk alƙalin da ya rasa laifin da zai ɗora wa Aboki, sai ya miƙa masa Littafi ya ce ya rantse.

Kurkukun Derby

A 1650 aka kama shi a garin Derby, aka tuhume shi da saɓo, aka yanke masa wata shida. A wurin shari'ar ya gargaɗi alƙalai su yi rawar jiki saboda maganar Ubangiji, sai ɗaya daga cikinsu, Gervase Bennet, ya yi musu ba'a ya kira su masu rawar jiki. A Turanci kalmar ita ce ta zama Kweka. Sunan ba'a ne, amma ya bi su har yau.

Sa'ad da wata shidan suka kusa cika, a 1651, ɗan sarkin da aka kashe yana shirin shigowa da runduna daga Sikotilan, Majalisa kuwa tana neman sojoji ido rufe. Sababbin sojojin da aka tara a Derby sun ga halin wannan ɗaurarre, ba ya tsoro, ba ya ƙarya, suka ce shi su ke so ya zama kyaftin nasu. Aka fito da shi kasuwa a gaban manya, aka yi masa tayin. Mai karatu ya auna abin da aka sa a gabansa: saurayi mai shekara 26, ɗan masaƙi, yau yana kwance a kurkuku, gobe ya zama hafsa mai albashi da doki, a rundunar da yawancin masu tsoron Allah na ƙasar su ke gani ita ce a kan gaskiya. George ya ƙi. Ya ce musu ya san inda yaƙe-yaƙe su ke fitowa, daga sha'awar zuciya ne, kamar yadda Yaƙubu ya koyar a sura 4 ta wasiƙarsa, shi kuwa an riga an shigar da shi cikin wani rai da wani iko wanda ya ke tumɓuke dalilin yaƙi tun daga saiwa. Suka yi tsammani kawaici ya ke yi, suka ƙara lallashinsa. Da suka ga da gaske ya ke, sai lallashi ya koma fushi. Aka jefa shi a ɗakin ƙasa mai wari, ba gado, tare da masu laifi 30, ya ƙara kusan wata shida.

Ko a ramin nan bai zauna banza ba. A dokar lokacin a kan rataye mutum saboda ƙaramar sata, sai ya riƙa rubuta wa alƙalai yana nuna musu cewa shari'ar Musa ma biya ta ce ɓarawo ya yi. Akwai wata yarinya da aka yanke wa hukuncin kisa don ta saci kuɗin maigidanta. Ya rubuta a kanta, aka kai ta har gindin igiya, sa'an nan aka janye hukuncin.

Da ya fita ya nufi arewa, a ƙafa, sanye da wandonsa na fata wanda aka san shi da shi ko'ina. A 1652 ya hau wani dutse mai suna Pendle, ya ce a can aka nuna masa jama'a mai yawa da za a tattara. Bayan 'yan makonni ya yi wa mutane fiye da 1,000 wa'azi na sa'a uku a kan tudun Firbank, da yawa daga cikinsu suka bi. Daga nan ya isa gidan Swarthmoor, gidan wani babban alƙali mai suna Thomas Fell. Matar alƙalin, Margaret, ta karɓi koyarwar tare da 'ya'yanta mata da barorinta. Alƙalin bai shiga ba, amma ya ba su zaurensa su yi taro, ya kan kuma bar ƙofar ɗakinsa a buɗe yana saurare. Gidan ya zama cibiyar aikin.

A garin Ulverston, kusa da wurin, 'yan iska suka fitar da shi bayan gari suka yi masa dūka da sanduna har ya suma. Da ya farfaɗo ya miƙe, ya buɗe hannuwansa, ya ce ga shi, su ƙara. Wani magini ya sauke masa sanda a hannu har aka zaci hannun ya lalace. Da ya koma cikin gari wani soja ya zare takobi yana so ya kāre shi, George ya ce in zai bi shi sai ya mai da takobin kube. Bai kai ƙarar kowa ba.

A 1655 aka kai shi Landan gaban Oliver Cromwell, wanda ya ke mulkin ƙasar a lokacin, domin ana raɗe-raɗin Abokai suna ƙulla tawaye. Ya rubuta wa Cromwell takarda cewa shi ba ya ɗaukar makami a kan kowa. Suka zauna suka yi doguwar magana a kan al'amuran Allah, har idon Cromwell ya kawo ruwa, ya sallame shi. Amma wannan bai hana a kulle shi a Launceston a shekara mai zuwa ba, wata takwas, har da kwanaki a wani rami inda ƙazanta ta ke kai ga bakin takalmi.

Shaidar salama

Kada a ɗauka cewa tun ranar farko dukan Abokai suka ajiye makamai. A Derby George don kansa ya yi magana. Da yawa daga cikin waɗanda suka bi shi sojojin Cromwell ne, waɗansu kuma sun daɗe a soja bayan sun tuba, sai da aka kore su don sun ƙi rantsuwa ko sun ƙi gaisuwar hafsoshi. A hankali abin ya nuna.

Cromwell ya mutu a 1658, a 1660 kuma aka mai da sarauta, Charles na Biyu ya hau gadon ubansa. Nan da nan aka kama George a Swarthmoor aka kai shi Lancaster. Margaret Fell, wadda mijinta ya riga ya rasu, ta yi tafiya zuwa Landan ta miƙa wa sarki takarda da hannunta, tana bayyana masa cewa su mutane ne masu bin abin da ke kawo salama, ba ruwansu da makirci. Aka saki George. Amma a watan Janairu na 1661 waɗansu 'yan tsiraru a ƙarƙashin wani Thomas Venner suka ɗauki makamai a Landan, wai za su kafa mulkin Yesu da takobi. An murƙushe su cikin 'yan kwanaki, amma tsoro ya kama hukuma, aka bi Abokai ana kamawa ko da ya ke ba hannunsu a ciki, har fiye da 4,000 suka shiga kurkuku.

A cikin kwanakin nan George da waɗansu mutum 11 suka sa hannu a wata sanarwa zuwa ga sarki. Bugu na farko an ƙwace shi a wurin ɗab'i, suka sāke bugawa. A ciki suka bayyana cewa sun rabu da kowane irin yaƙi na makamai, ko da wane dalili aka kawo, ko don mulkin duniya ne ko don mulkin Almasihu. Kuma Ruhun da ya bishe su ga wannan ba mai sāke magana ba ne, da zai hana su yau ya umarce su gobe. A lissafin Ingila na lokacin sabuwar shekara a watan Maris ta ke kamawa, don haka takardar tana ɗauke da shekara ta 1660. Cikarta shekara 300 ne ya tara mutanen nan a Pentagon.

Wani zai ce tsoro ne ya sa suka rubuta, don su ceci wuyansu. Gaskiya ne sun rubuta don su wanke kansu daga zargi. Amma abin da suka yi cikin shekaru 25 da suka biyo baya ba aikin matsorata ba ne.

Majalisa ta kafa doka a kansu a 1662. A 1664 aka ƙara wata, wadda ta hana mutum fiye da biyar, ban da mutanen gida, su taru don sujada in ba bisa tsarin ikilisiyar gwamnati ba. Wanda aka kama sau uku sai a kore shi ƙetaren teku shekara bakwai. A 1670 aka sabunta ta: mai wa'azi fam 20, mai gidan da aka taru fam 20, wanda ya kai rahoto kuma yana da rabonsa a cikin tarar. Waɗansu masu bi na waɗansu ɗariku suka koma taro a ɓoye, da dare, da mai gadi a ƙofa, ba mu kuwa ga laifinsu ba. Abokai suka ƙi ɓuya. Suka ci gaba da taruwa a wurin da aka sani, a ranar da aka sani, a sa'ar da aka sani, ƙofa a buɗe.

A nan hukuma ta gamu da abin da ba ta san yadda za ta yi da shi ba. In taro yana da mai wa'azi, a kama shi taro ya watse. In yana da littafin addu'a, a ƙwace. Waɗannan kuwa suna zaune shiru, wa za a kama? In an fitar da su waje, su komo. In sojoji sun kulle ɗakin, su tsaya a titi a bakin ƙofa, cikin ruwa da sanyi, su yi sujadarsu a tsaye, masu wucewa suna kallo. A Horsleydown, a kudancin Landan, aka rushe ɗakin a 1670, suka zo suka tsaya a kan kangon, sojoji suna dūkansu da gindin bindiga suna tura dawakai a kansu, ba wanda ya ɗaga hannu ya rama. A Reading, da kuma Bristol daga baya, aka kwashe manya duka zuwa kurkuku, sai yara suka riƙa zuwa ran Lahadi suna riƙe taron, ana yi musu bulala. Mutane ɗaruruwa suka mutu a gidajen yari. Tsayuwar nan a titi ita ce uwar wadda aka yi a Washinton. Ba shirya ta aka yi don a nuna wa duniya ba, kulle ƙofa ne ya fito da sujadar waje. Amma da ta fito, kowa ya gani da idonsa cewa ga mutanen da ba za su yi faɗa ba, ba za su gudu ba kuma.

Ran Lahadi ta farko bayan dokar 1670 ta fara aiki, George da kansa ya tafi ɗakin taro na titin Gracechurch a Landan, inda ya san nan za a fi tsanantawa. Ya tarar da sojoji a ƙofa, ya yi wa'azi a waje, aka kai shi gaban magajin gari, aka sallame shi. A watan Agusta aka kama wani saurayi ɗan babban gida, William Penn, tare da William Mead, a wannan titi. Mutum 12 da aka zaɓa su yanke ko suna da laifi suka ƙi cewa sun ta da hankalin jama'a. Alƙali ya kulle su kwana biyu ba ci ba sha, suka tsaya a kan bakansu, aka ci su tara. Ɗaya daga cikinsu, Edward Bushel, ya ɗaukaka ƙara ya yi nasara, daga nan ya zama doka a Ingila cewa ba a hukunta irin waɗannan mutane saboda abin da suka yanke. Penn ɗin nan shi ne ya kafa ƙasar Pennsylvania a Amurka daga baya.

George ya sha rabonsa. Daga 1664 zuwa 1666 yana tsare saboda ƙin rantsuwa, da fari a Lancaster, sa'an nan a Scarborough, a wani ɗaki mai fuskantar teku inda iska ta ke koro ruwa har kan gadonsa, yana kwashewa da akushi. Gurasar kwabo uku ta kan kai shi mako uku. Gaɓoɓinsa suka kumbura, bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. Amma kafin ya fita shugaban kurkukun ya zama abokinsa, sojojin da suka tsare shi kuma suka shaida cewa ba su taɓa iya tanƙwara shi ba. An sake shi ran 1 ga Satumba 1666, kashegari babbar gobarar Landan ta tashi. Da ya fita ya zaga ƙasar yana kafa tarurrukan wata-wata, na maza da na mata, don kula da matalauta, da gwauraye, da iyalan ɗaurarru, da sulhunta masu jayayya.

A 1669 ya auri Margaret Fell a Bristol, ita tana da shekara 55, shi 45. Kafin auren ya tara 'ya'yanta ya tabbatar ba za su yi hasarar gādonsu ba, ya kuma rubuta cewa ba zai taɓa dukiyarta ba. Zamansu tare kaɗan ne, gama in ba ya kurkuku ita tana ciki, in ba haka ba yana kan hanya. Abin mamaki, a 1672, sa'ad da Abokai suka samo wa mutanensu kusan 500 gafara daga wurin sarki, sun yarda aka sa sunan John Bunyan a takardar, mutumin da ya rubuta sanannen littafin nan na tafiyar mai bi zuwa Birnin Sama, ko da ya ke a dā ya yi rubutu yana sūkar koyarwarsu.

Daga 1671 zuwa 1673 George ya ƙetare teku zuwa Barbados, da Jamaika, da Amurka. A Barbados ya ga bayi baƙaƙen fata da aka kwaso daga ƙasashenmu na Afirka suna aikin rake, waɗansunsu ma a gidajen Abokai. Ya gargaɗi iyayengiji su koya musu sanin Allah, su daina zaluntarsu, su kuma 'yanta su bayan sun yi waɗansu shekaru suna aiki. Amma bai ce bautar kanta haramun ce ba. Mutumin da ya ga saiwar yaƙi sarai, a nan ganinsa ya gaza. Sai da aka yi kamar shekara 100 kafin jama'arsa suka hana 'ya'yansu mallakar bayi gaba ɗaya, daga nan suka shiga sahun gaba na masu neman a kashe cinikin.

Da dawowarsa aka sāke kama shi, aka tsare a Worcester. Uwarsa tsohuwa tana jiransa, da ta ji labari ba ta daɗe ba ta rasu. Sarki ya yarda ya gafarta masa, George ya ƙi, yana cewa mai laifi a ke yi wa gafara. Ya jira har manyan alƙalai a Landan suka duba takardar tuhumar suka soke ta a 1675. Wannan ne ɗaurinsa na takwas, na ƙarshe kuma. In an haɗa duka sun kai kamar shekara shida. Bayan haka ya faɗi labarin rayuwarsa aka rubuta, ya ziyarci Holan da Jamus a 1677, ya koma Holan a 1684. Ya rayu har ya ga dokar 1689 wadda ta ba su izinin yin sujada a sarari.

Ran Lahadi 11 ga Janairu 1691 ya yi wa'azi ya yi addu'a a ɗakin taro na titin Gracechurch. Da ya fito ya ce ya ji sanyi ya soke shi a zuciya, aka kai shi gidan wani Aboki a nan kusa ya kwanta. Ya rasu ran Talata 13 ga wata, yana da shekara 66. Margaret tana can arewa a Swarthmoor, William Penn ne ya rubuta mata. Ran jana'iza mutane wajen 4,000 suka taru. Aka ɗauki akwatin a kafaɗa, ba ado, ba zane a kansa, zuwa maƙabartar Abokai kusa da Bunhill, jama'a suna biye uku-uku a gefe ɗaya na titi domin kada su tare wa masu wucewa hanya.